ZEN: ADDINI NE KO KUWA ZAMAN SHIRU KAWAI?

A cikin duwatsun jihar Fukui ta ƙasar Japan akwai wani tsohon gidan ibada da a ke kira Eiheiji. Wani malami mai suna Dogen ne ya kafa shi a cikin 1244, har yau kuwa ba a daina koyar da almajirai a cikinsa ba. Kowace shekara idan watan Disamba ya kama, sanyi ya tsananta, almajiran nan su kan ajiye kusan dukan ayyukansu su shiga wani dogon zaure. Kowa ya hau matashinsa, ya tanƙwashe ƙafa, ya juya fuskarsa ga bango, ya yi shiru. Haka za su yi ta zama tun kafin asuba har dare, daga ran 1 ga wata zuwa wayewar garin ran 8.

Wannan zama shi a ke kira sesshin, masu yinsa kuwa mabiya Zen ne. Baƙon da ya leƙa zauren da tsakar rana ba zai ga tasbaha ba, ba zai ga littafi a hannun kowa ba, ba kuwa zai ji ana roƙon wani abu ba. Daga nan gardama ta taso. Waɗansu na cewa Zen addini ne kamar kowane addini, waɗansu kuma, musamman Turawa da Amurkawa da suka karɓe shi, na cewa horon zuciya ne kawai, kamar yadda guje-guje ya ke horon jiki.

Mazaunin Ikko ko Badun ko Fatakwal ya san Japan ne ta wajen ƙarfe, watau motar Toyota, da babur ɗin Honda da na Suzuki, da rediyo. Amma akwai wata hajja da ƙasar ta fitar wadda ba ta bi ta tashar jiragen ruwa ta Apapa ba. Sunan Zen ya shiga littattafai da wayoyin hannu, masu tallarsa kuwa su kan ce maganin damuwa ne, Musulmi ko Kirista na iya yinsa ba tare da ya taɓa imaninsa ba. Mutumin da ke fama da cunkoson motoci da kuɗin haya da kewar gida, irin wannan talla ba ta da wuyar shiga kunnensa. Ya kamata ke nan ya san abin da a ke tallata masa.

DAGA INDIYA ZUWA JAPAN

Ita kanta kalmar ta yi doguwar tafiya. A tsohon harshen Indiya dhyana a ke cewa, mutanen Sin suka mai da ita Chan, Japanawa kuma suka ce Zen. Masu fassara da Hausa su kan ce zurfin tunani, amma fassarar ta ɗan kauce, domin mai wannan zama ƙoƙari ya ke ya daina bin tunanin da ke zuwa masa. Tattara hankali wuri ɗaya ya fi kusa da ma'anar.

Tushen abin shi ne Budda, wani ɗan sarauta mai suna Siddhartha Gautama wanda ya rayu a arewacin Indiya kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Ya bar gidan ubansa ya shiga neman dalilin wahalar ɗan Adam, mabiyansa kuma suka ce ya sami wayewa ya na zaune a gindin wata itaciya a Bodh Gaya. Wajen shekara dubu bayan haka wani malami, Bodhidharma, ya isa ƙasar Sin. Shi ne mabiya ke ba da labarin ya yi shekara tara ya na fuskantar bango. A cikin 1191 Eisai ya komo Japan daga Sin da koyarwar reshen Rinzai, a cikin 1227 kuma Dogen ya komo da ta reshen Soto. Waɗannan biyu su ne manyan rassan Zen a Japan har yanzu.

Abin lura a nan shi ne, shi Dogen bai ma yarda a kira koyarwarsa ɗariƙar Zen ba. A wurinsa tafarkin Budda ne kurum, ba shi da wani suna dabam.

KWANA BAKWAI A CIKIN ZAURE

Keɓewa ta daɗe a cikin addinin Budda. Tun a Indiya almajirai su kan daina yawo a wata uku na damina su zauna wuri ɗaya. Gidajen horo na Japan sun riƙe wannan al'ada, su na yin zango na kwana 90 sau biyu a shekara, a cikin zangon nan kuma a ke ware makonnin sesshin, inda a ke rage aiki a ƙara zama. Ma'anar kalmar ita ce tattara zuciya. Na watan Disamba ya fi kowane tsanani. A waɗansu gidajen Rinzai a kan ɗauki kwana bakwai ɗin nan kamar yini guda, ba a shimfiɗa, ɗan barcin da za a yi a zaune a ke yinsa.

Shiga gidan ma ba ta da sauƙi. A gidajen Rinzai saurayin da ya zo neman karatu ya kan durƙusa a bakin ƙofa ya kifa kai bisa ƙunshin kayansa har yini biyu, ana korarsa ya na komowa. Bayan haka a sa shi a wani ɗan ɗaki shi kaɗai na waɗansu kwanaki. Sai ya jure wannan sa'an nan a ba shi wurinsa a zaure, watau tabarma guda mai tsawon kimanin mita biyu da faɗin mita ɗaya. A kanta zai zauna, a kanta zai kwana.

Ranar sesshin ta kan fara da wajen ƙarfe uku ko huɗu na dare, lokacin da wani almajiri ke bin lunguna a guje ya na kaɗa ƙararrawa. A wanke fuska, a shiga zaure. Kowane zama ya kan ɗauki minti 30 zuwa 50, a dā ma da turaren tsinke a ke auna shi, in tsinke ya cinye zama ya ƙare. Baya a miƙe, idanu a buɗe kaɗan su na kallon ƙasa, hannuwa a haɗe a ƙarƙashin cibiya. Sabon shiga a kan ce masa ya ƙirga numfashinsa daga ɗaya zuwa goma, in ya ɓace ya koma ɗaya. Mai karatu na iya gwadawa ya gani ko zai kai biyar kafin bashin da a ke binsa ya faɗo masa a rai. Tsakanin zama da zama a kan tashi a yi tafiya a hankali cikin layi don jini ya koma ƙafa, sa'an nan a sake zama. A gidan Antaiji, wanda ya yi suna wajen tsanani, a dā zama 14 a ke yi a yini.

Akwai mai tsaro da ke kewayawa da wata sanda mai faɗi da a ke kira kyosaku. Wanda gyangyaɗi ya kama, ko ya karkace, sai a sauke masa ita a kafaɗa, ƙararta ta cika zauren. Ta bambanta da dorinar makarantar allo ta fuska guda: almajiri da kansa na iya haɗa tafin hannu ya roƙi a doke shi don ya wartsake, kuma mai duka da wanda a ka doka su kan rusuna wa juna kafin dukan da bayansa. Yawancin cibiyoyin Turai da Amurka sun sassauta ta, waɗansu sun ajiye ta gaba ɗaya.

Abinci kuma a nan wurin zama a ke cinsa, cikin 'yan akusa da a ke jerawa ɗaya cikin ɗaya a naɗe da ƙyalle. Da safe kunun shinkafa ne da ɗan gishiri da wata saiwa mai tsami. Da rana shinkafa da miya da ganye, babu nama. Na dare ba a ma kiransa abinci, magani a ke ce masa, domin tsohuwar doka ta hana almajirin Budda ci bayan rana ta take tsaka. In an gama a zuba ruwan zafi a akushi, a goge shi tas, a sha ruwan. Ba a barin ko ƙwayar shinkafa.

To, a nan ne ya kamata mai tambaya ya buɗe ido. Kafin a kai loma baki sai an yi karatu da murya ɗaya, ana ambaton sunayen Budda. Kowane almajiri ya kan ware 'yan ƙwayoyin shinkafa gefe guda, sadaka ga ruhohin da su ke cewa na yawo da yunwa. A tsakiyar zauren da a ke zaman akwai mutum-mutumin Manjushri, wanda su ke ɗauka alamar hikima, kowa kuwa na rusunawa in zai shiga ko zai fita. Da asuba a kan taru a babban ɗaki a kai goshi ƙasa a gaban mutum-mutumin Budda, a karanta nassosi da kiɗan ganga ta itace, a jero sunayen malamai ɗaya bayan ɗaya tun daga Budda har zuwa na kusa, sa'an nan a miƙa ladan karatun ga magabata da matattu. Baƙon da ya leƙa da tsakar rana bai ga wannan ba, don ya zo a makare.

A reshen Rinzai akwai ƙari. Malami ya kan ba almajiri wata tambaya mai kama da kacici-kacici, ana kiranta koan, wadda hankali ba ya iya warwarewa ta hanyar lissafi. Wadda ta fi shahara ita ce ta Hakuin, malamin da ya rayu daga 1686 zuwa 1769, inda ya ke neman almajiri ya nuna masa ƙarar da hannu guda ke yi. Bahaushe dai ya ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, bai taɓa tambayar ko ya na ƙara ba. A lokacin sesshin almajiri na shiga wurin malami shi kaɗai sau da dama a yini ya kawo amsa, galibi kuwa kafin ya rufe baki malamin ya kaɗa 'yar ƙararrawa, watau tashi ka ba ni wuri. Haka za a yi ta matsa masa, ga ciwon gwiwa ga rashin barci, har ya kai inda dabara ta ƙare masa. A nan su ke fatan abin da su ke kira kensho zai auku, watau mutum ya ga ainihin kansa. Su kuwa mutanen Soto ba su cika son a zauna ana jiran wani sakamako ba. Koyarwar Dogen ita ce zaman da kansa shi ne aikin Budda, wanda ya zauna don ya sami wani abu ya riga ya kauce.

Zaman na da nasa haɗari, malaman kuma ba su ɓoye ba. Bayan kwana uku ko huɗu mutum na iya ganin haske ko fuskoki a jikin bango, ko ya ji muryoyi, ko kuka ya kece masa ba dalili. Makyo su ke kiran wannan, umurnin kuwa guda ne: kada a kula shi. Hakuin da kansa ya rubuta yadda tsananin horo ya kwantar da shi rashin lafiya tun ya na saurayi. Saboda haka ba a yin sesshin ba malami.

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa zai ce ai wannan halwa ce. Lalle biri ya yi kama da mutum: ga keɓewa, ga rage ci da barci da magana, ga shehi mai lura da muridi ya na gargaɗinsa game da abin da zai gani, ga kuma silsilar malamai. Amma mai halwa ko mai i'itikafi a goman ƙarshe na azumi ya san Wanda ya ke kira, sunayen Allah ya ke ambata, yardarSa ya ke nema. Mai sesshin ba ya kiran Mahalicci, domin koyarwar Budda ba ta kafu a kan Mahalicci ba. Abin da ta ke koyarwa shi ne kome na canjawa, babu wani rai tabbatacce da mutum zai riƙe ya ce shi ne ni, kuma manne wa wannan zato shi ne tushen wahala.

INDA MAGANAR TA SAMO ASALI

Masu cewa Zen ba addini ba ne su na da abin kamawa. Na farko shi ne wannan rashin Mahalicci. Na biyu labarun tsofaffin malaman Sin, waɗanda ke cike da abin da ya yi kama da raina ibada. An ce wani sarki ya tambayi Bodhidharma yawan ladan da ya samu saboda ɗakunan ibadar da ya gina, malamin ya ce masa bai sami kome ba. An ce kuma wani malami, Danxia, sanyi ya dame shi wata rana, ya ɗauko mutum-mutumin Budda na itace ya hura wuta da shi. Sai dai waɗanda suka adana labarun nan su na karanta wa almajirai, su ne dai ke kai goshi ƙasa kowace asuba. Gargaɗi ne ga mai ibada kada ya maƙale wa siffa, an kuwa yi shi ne don waɗanda ke cikin ibadar tsundum.

Akwai kuma tarihi. Kafin jiragen yaƙin Amurka su tilasta wa Japan buɗe ƙofarta a 1853 da 1854, Japanawa ba su da kalma guda da ta yi daidai da abin da Turawa ke nufi da addini. Sai da a ka ɗauko wata tsohuwar kalma, shukyo, a ka ba ta wannan ma'ana. Har yanzu Bajapane na iya cewa ba shi da addini, alhali ran sabuwar shekara ya na wurin bauta, in tsohonsa ya mutu kuma limamin Budda zai kira. Bayan juyin mulki na 1868 an rushe ɗakunan ibadar Budda da yawa, ana zarginsu da zama kayan baƙi da camfi. Malaman da suka tsira suka ga mafita ita ce su nuna koyarwarsu ta dace da zamani da kimiyya.

Da wannan niyya Shaku Soen ya halarci taron addinan duniya a Shikago a cikin 1893. Ɗalibinsa D. T. Suzuki, wanda ya fassara masa jawabi, ya zauna Amurka shekara goma sha ɗaya, ya yi ta rubutu da Turanci, daga baya ya koyar a Jami'ar Columbia a shekarun 1950. Suzuki ba limami ba ne. Zen ɗin da ya kai wa Turawa wayewar zuciya ce zalla wadda ya ce ta wuce iyakar kowane addini, bai cika tsayawa kan turare da jana'iza ba. Turawan da suka gaji da coci suka karɓa hannu biyu. Shunryu Suzuki, wani dabam, ya sauka San Francisco a 1959, Taisen Deshimaru kuma ya isa Faris a 1967, cibiyoyin zama suka yi ta yaɗuwa.

A can gida kuwa labarin ya sha bamban. Reshen Soto kaɗai na da ɗakunan ibada sama da 14,000 a Japan, kaɗan ne daga cikinsu ke da zaman shiru a kai a kai. Babban aikinsu jana'iza ne da addu'ar matattu. Tun ƙarni na 17 gwamnatin Tokugawa, don ta kawar da addinin Kirista, ta tilasta wa kowane gida ya yi rajista a wani ɗakin ibada, dangantakar nan kuwa ta ɗore. In mutum ya mutu liman zai ba shi sabon suna kamar an naɗa shi almajirin Budda, a yi taron kwana bakwai, da na kwana 49, da na shekara, kusan yadda a ke sadakar uku da bakwai da arba'in, iyali kuma su biya. Tun da dokar 1872 ta yarda limamai su yi aure, ɗakin ibada ya zama gado daga uba zuwa ɗa. Da yawa daga samarin da ke shan sanyi a Eiheiji 'ya'yan limamai ne da suka zo neman shaidar da za su gaji iyayensu da ita. A idon dokar ƙasar ma, a ƙarƙashin dokar ƙungiyoyin addini ta 1951 rassan Zen su ke da rajista.

Zaman shiru bai kuma hana shugabanninsu bin son zuciyar zamaninsu ba. Manyan malaman Zen da dama sun goyi bayan yaƙe-yaƙen da Japan ta yi a Asiya, kamar yadda Brian Victoria, shi ma limamin Soto, ya tona a littafinsa na 1997. Reshen Soto ya nemi gafara a 1992, babban gidan Rinzai na Myoshinji kuma a 2001. Wanda ya ce natsuwa kaɗai na gyara hali, sai ya duba nan.

WAƊANDA SUKA SHIGA DA NASU ADDININ

Duk da haka an sami waɗanda suka zauna sesshin ba su bar addininsu ba. Fitaccensu shi ne Hugo Lassalle, wani fada Bajamushe ɗan Katolika da ya je Japan a 1929, ya na Hiroshima ran da bom ya faɗa a 1945, ya ji rauni ya tsira. Ya yi shekaru ya na zama a gaban malaman Zen, ya buɗe wurin keɓewa kusa da Tokyo, ya kuma riƙa jagorancin sesshin ga Kiristoci a Jamus har kusan rasuwarsa a 1990. A ganinsa zaman na share zuciya ne don addu'a. Amma fadar Paparoma ba ta saki jiki ba. A cikin 1989 ofishin Kadinal Ratzinger, wanda daga baya ya zama Paparoma, ya fitar da wasiƙa ya na gargaɗin kada a ɗauki daɗin da jiki ke ji a irin wannan zama a matsayin kusanci da Allah.

Waɗansu kuma sun yanki zaman kaɗai suka bar sauran. A 1979 Jon Kabat-Zinn, wanda ya yi karatu wurin malaman Zen, ya buɗe wani shiri na mako takwas a asibitin Jami'ar Massachusetts don masu ciwo mai daɗewa da masu damuwa. Babu mutum-mutumi, babu karatun nassi, bai kuma kira shi Zen ba. Yawancin abin da ke cikin wayoyin hannu yau daga irin wannan ya fito. Kamfanonin Japan ma su kan tura sababbin ma'aikata gidajen ibada na kwana biyu ko uku don su koyi juriya da ladabi.

Ashe ke nan abu biyu a ke kira da suna ɗaya. Zama a miƙe ana ƙirga numfashi ba na kowa ba ne, kowa na iya yi a ɗakinsa. Amma sesshin yadda masu shi suka tsara shi ibada ce tun daga ƙararrawar farko, kuma hanya ce mai zuwa wani wuri. Wanda ya daɗe a kanta a kan gayyace shi bikin da a ke kira jukai, inda zai furta cewa ya fake ga Budda da koyarwarsa da jama'arsa, ya ɗauki alkawura, 16 ne a reshen Soto, a ba shi sabon suna da wani ɗan ƙyalle da zai riƙa ratayawa a wuya. Cibiyoyin Turai da Amurka ba su tilasta wa kowa wannan, da yawa kuma sun rage karatu da rusunawa, amma kaɗan ne suka fid da mutum-mutumin daga zaure. Wanda a ka gayyata irin wannan wuri, abin da zai nema shi ne jadawalin yini, ya duba abin da a ke yi da asuba da kuma kafin cin abinci.

A Eiheiji zaman na ƙarewa ran 8 ga Disamba, domin a lissafin Japanawa a wannan rana ce Budda ya ɗaga ido ya ga tauraron asuba ya waye. Almajirai su kan sauko daga matasansu da kumburarrun gwiwoyi, su yi layi zuwa babban ɗaki. A kunna turare, a miƙa abinci da shayi a gaban hoton Budda, a kai goshi ƙasa, a yi karatu. Daga nan kowa ya koma ga tsintsiyarsa da tsumman goge daɓe.